Bangon Aro

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo tun da sassafe da "ina shafin yau", to ga shi, ku sarara min haka nan. Wanki na bari a baho na zauna na rubuta muku. Ke kuma da kika rantse in aka taɓa littattafan Auta kin daina karantawa, nemi wuri ki zauna tukuna, don yau ban ɗaukar miki alkawarin komai ba.

*

Ko sallamar bai ƙarasa ba ya dire littafin a kan teburin Baba, har gwangwanin gam ya yi tsalle.

Auta na ƙuryar shago tana zura zare a allura. Tun kafin ta ɗago ta san waye. Takalmin nan mai ƙara shi ne ke zagaye ajinsu duk ranar Talata, na malamin da ke koya musu haɗa magunguna, wanda ɗalibai ke kira Malam Tabarau a bayan idonsa.

A hankali ta sa hannu ƙarƙashin ɗankwali ta zare iyafis daga kunnenta. Waƙar ko rabi ba ta kai ba. Haushin katse waƙar ma ya fi tsoron yawa a ranta, har abin ya ba ta mamaki.

"Malam, lafiya dai?" in ji Baba.

"Shekara nawa ina kawo maka ɗinkin littafi?"

"Za a yi goma sha ɗaya."

"Na taɓa dawo maka da aiki?"

"Ba a taɓa yi ba."

"To buɗe ka gani."

Baba ya goge hannu a jikin riga ya jawo littafin. Bangon dai shi ne, shuɗi mai kauri, ga sunan littafin haɗa magunguna ɓaro-ɓaro a jiki. Ya buɗe tsakiya ya karanta layi ɗaya. Ya rufe, ya duba bango, ya sake buɗewa.

"Karanta da ƙarfi mana," in ji Malam Tabarau. "Ni ai da ƙarfi na karanta, gaban ɗalibai saba'in da biyu. Na ce su buɗe kunne ga ƙa'idar auna maganin yara, na gyara tabarau, sai ga ni ina cewa wai ta tsaya a bakin tasha da jakarta ta rantse ko zai mutu ba za ta waiwaya ba. Sai da na kai layi na uku kafin na gane ba ni ne na haukace ba!"

Auta ta cije leɓe. Ai tana ajin. Tana layi na huɗu kusa da ƙawarta Doguwa lokacin da aji ya ɗauki ihu, har da masu bubbuga benci suna cewa Malam ya ci gaba. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba, don a daidai lokacin ta zaro nata littafin mai shuɗin bango daga jaka, ta buɗe shi a ƙarƙashin benci da niyyar jin ko matar nan ta waiwaya, sai ta ci karo da ƙa'idar auna maganin yara. Karon farko ke nan a rayuwarta da ta buɗe bangon nan ta tarar da abin da aka rubuta a jikinsa.

Yadda abin ya faru ba wani ɓoyayye ba ne a wurinta. Shekara uku ke nan tana tsince tsofaffin bangon da masu kawo ɗinki ke bari in an yi musu sabo. Sai ta cire wa littafin labari nasa bangon, ta ɗinke shi tsaf, ta lulluɓe shi da na karatu. Ranar Asabar littattafai biyu ne tsirara a ƙarƙashin ƙarfen matsi, na Malam da nata, kaurinsu ɗaya, bangon da ke jiran su ma iri ɗaya. Kullum takan ɗiga wa nata alamar fensir. Ranar nan waƙar da ta fi so ce ta shigo kunnenta, ta ce bari ta ƙare tukuna, fensirin kuwa yana maƙale a bayan kunnen Baba har aka tashi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wa ya sa wa littafin Malam bango?"

"Ni ce."

"Wannan na ciki na waye?"

"Nawa ne."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta buɗe jaka ta ɗauko na gaskiyan, ta kai wa Malam da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"Ka yi haƙuri, Malam. Kuskurena ne, babu hannun Baba a ciki. In hukunci ne a yi min a makaranta."

Malam Tabarau ya karɓa, ya leƙa ta saman gilashi. "Au, ke ce? Ta layi na huɗu? Ke da na ɗauka duk ajin babu mai naci irinki, kullum kai a cikin littafi?"

"Ai a cikin littafin yake, Malam."

Malam ya sa littafinsa a hammata. Ya juya zai fita ke nan ta ɗauki nata daga teburin Baba, sai ga wata 'yar takarda ta leƙo daga tsakiya.

"Malam, ka manta alamarka a shafi na casa'in."

Bawan Allah ya tsaya cak a bakin ƙofa. Daga ƙarfe goma na safe zuwa yanzu shafi casa'in, kuma wai mutum yana cikin fushi. Ya yi gyaran murya, ya ce shi dai dubawa ya yi ya ga iyakar ɓarnar, ya sa kai ya fice, takalmin na ƙara har ya sha kwana.

Da a nan maganar ta tsaya da an sha da sauƙi. Sai dai duk abin nan da ake yi, Gwaggo na tsaye a ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida, riƙe da kular abincin Baba. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta riƙi Auta tun tana shekara shida, tun rasuwar Umma. A gidan nan in Gwaggo ta ce rana ta faɗi, Baba fitila yake nema.

Ta ajiye kular a hankali. Wannan ajiyewar a hankali ita ta fi tayar wa Auta da hankali.

"Ke. Waɗanda ke jere a kan kantarki fa?"

Auta ta mayar da littafinta cikin jaka.

"Da ke nake!"

"Su ma haka suke."

"Duka?"

"Ban da guda huɗu."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Na shiga uku ni jikar mutum huɗu! Ni da nake bin maƙwabta ina cewa a rage rediyo yarinya na karatu? Ni da nake kai miki shayi har ɗaki ina tafiya da sanɗa? Ranar nan na same ki kina kuka shaɓe-shaɓe a kan littafi, na fito na ce wa ubanki karatun magani akwai wuya, har addu'a na sa aka yi miki!"

"Ranar ce aka kashe mai jirgin ruwan," in ji Auta a hankali.

"Aka kashe wa?"

"Babu kowa, Gwaggo."

Gwaggo ta juya cikin gida fuu. Ba a yi minti biyar ba ta dawo da littattafan cike da bahon wanki, ta zazzage su a gaban injin yanka takarda. Ashirin da uku ne, Auta ba ta buƙatar ƙirgawa. Kusan kowanne ta san ranar da ta ɗinka shi, ta san wanda ta bi tsohon mai sayar da littattafai na bakin gada sati uku kafin ya nemo mata.

"Miƙo wayar. Da wannan igiyar da kike cusawa a kunne, kina tsammanin ban gani."

Auta ta miƙa. Gwaggo ta ƙulle su a bakin zani.

"Bahago," ta ce da Baba. Duk duniya ita kaɗai ke kiransa da sunan nan na yarinta. "Tashi ka yanka su. Ɗaya bayan ɗaya, tana kallo."

"Yaya, da an bari zuwa..."

"Ba za a bari ba. Sunanka ta zubar a gaban mutum, shekara talatin kana tara shi. Tashi!"

Baba ya tashi. Bai kalli Auta ba.

Injin nan ya girmi Auta nesa ba kusa ba. Wuƙarsa ta kai tsawon hannu, ana sauke ta ne da wata doguwar sandar ƙarfe mai nauyin tsiya. Tsufa ya sa sandar ta yi wani hali: in aka jawo ta ta wuce rabi, ba ta jiran kowa, da kanta take faɗowa. Shi ya sa Baba ke soka mata ƙusa a gindi duk lokacin da ba a aiki, kuma tun Auta na ƙarama ya hana kowa taɓa ta. Yanzu ya zare ƙusar ya jefa a aljihu.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi."

"Ba a ba ki izini ba," in ji Gwaggo.

"Na taɓa faɗuwa jarrabawa?"

Baba ya sunkuya yana tattara littattafan.

"Ni ce ta uku a aji, Baba, takardar na cikin durowarka. Aikin shago na taɓa barin shi ya kwana? To me na tsare wa wani? Da safe in na hau mota waƙa biyu nake ji, in an yi cunkoso uku. In an tashi hutun rabin rana ni da Doguwa mu zauna ƙarƙashin bene mu kalli fim na minti goma, kunne ɗaya nata ɗaya nawa, fim guda sai ya kai mu sati muna musu a kan wanda zai ci amana. Da yamma in na gama wanke-wanke in karanta shafi ashirin. Shi ke nan fa. Duk yinin nan na wasu ne, wannan kaɗai ne nawa."

"Ji bakinta! A littafin kika koyo wannan tsarin zancen ko?"

"A nan na koya, Gwaggo."

"Yanka!"

Baba ya ɗauki na sama, mai bangon ilimin jikin ɗan'adam. Ya daidaita shi a tsakiya, ya murɗa ƙarfen da ke danne takarda, ya kama sanda da hannun hagu.

Ƙarat!

Littafin ya rabu biyu, rabi ya zame ya faɗi ƙasa. Auta ta ji abin har cikin haƙoranta. Labarin 'yan'uwa biyu ne da suka gaji gona ɗaya, sau huɗu ta karanta shi. Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi. Wallahi ba za ta yi kuka a gaban Gwaggo ba, ko za a yanka har da kantar.

"Ƙanin ne ya sayar da gonar," ta ce da ƙarfi. "A ƙarshe wan ya yafe masa a bakin rijiya."

"Me kike cewa?"

"Faɗa muku nake yadda ya ƙare. Takarda kuka yanka, labarin yana nan."

Ƙarat! Na biyu.

"Wannan likitar ce ta gano ashe direban gidansu ne mahaifinta."

Ƙarat! Na uku.

"Wannan ban ƙarasa ba," in ji ta. "Amma Doguwa ta karanta, gobe zan tambaye ta."

Baba ya tsaya, hannunsa a kan sanda. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ga shi kuwa fanka na juyawa.

"Kana wani sanyin jiki," in ji Gwaggo. Ta duƙa da kanta ta tona ƙasan tulin, ta zaro wani tsoho mai koren bango na yadi, duk gefensa ya cinye. Littafin lissafi, in ji bangon. "Ungo wannan. Shi na fi ganin tana runguma, har ƙarƙashin filo take sa shi."

Nan ne fa Auta ta zabura. Ta yi taku biyu ta tsaya tsakanin Baba da injin.

"Ban da wannan."

"Matsa ki ba mutane wuri!"

"A yanka sauran sha taran, ba zan ce uffan ba. Ban da wannan."

"Don me? Da zinare aka rubuta shi?"

"Don ba ni na ɗinka shi ba."



Auta ta karɓi littafin daga hannun Gwaggo, ba da fizga ba, amma ba ta bar mata zaɓi ba. Ta buɗe shi daidai tsakiyar wani ninkin takarda, inda zaren ɗinki ke fitowa fili, ta miƙa wa Baba har gaban idonsa.

"Kai ka koya min cewa kowane mai ɗinki zarensa na faɗin sunansa. Duba wannan ƙullin. Sau biyu aka zagaya, aka bar jelar zaren ta kwanta hagu. Ni da dama nake ɗinki, Baba. Na gwada ƙullin nan ya fi sau ɗari, ba ya fita a hannuna."

Baba bai karɓa ba. Ya tsura wa zaren ido kawai.

"Ina shekara goma sha shida na tsince shi a ƙasan akwatin Umma. Na ɗauka lissafi ne, har na kusa mayarwa. Da na buɗe sai na ga labari, ga rubutunta da jan biro a gefe-gefe. Wani wurin ta rubuta ‘ƙarya yake yi', wani wurin ‘a nan ya yi dariya har ya soke yatsa'. Wa ya soke yatsa, Baba?"

"Auta..."

"Gwaggo na ganin a littafi na koyi munafunci. To wannan dabarar ta bangon aro ba a littafi na gan ta ba. A hannunka na gani."

Gwaggo ta juya a hankali ta fuskanci ƙaninta.

"Bahago. Me yarinyar nan ke faɗa?"

Baba ya nemi kujera ya zauna.

"Gaskiya ta faɗa, Yaya."

"Na ƙona littattafan matarka duka! Da hannuna na tara su a tsakar gida na zuba kananzir!"

"Kin ƙona talatin da ɗaya. Ranar da kika ce gobe za ki ƙona, kin tafi kasuwa da hantsi. Kafin ki dawo na cire wa wannan bango na sa masa na lissafi. A gabanki ya yi sati a kan teburin nan, har kin taɓa ɗora kofi a kansa."

Gwaggo ta yi baya ta jingina da bango. Auta ba ta taɓa ganin bakin Gwaggo a buɗe babu magana a cikinsa ba sai yau.

"Shekara goma sha uku," in ji Gwaggo daga baya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shekara goma sha uku kana kallona ina ta haƙilo, ashe dariya kake min a ciki."

"Ban taɓa yi miki dariya ba."

"Ke kuma da kike tsaye kina min kallon azzaluma, kin san abin da na tarar a gidan nan? Wata huɗu da rasuwar uwarki shagon nan a rufe. Ubanki na zaune a ƙasa cikin littattafanta, ya ɗauki wannan ya shinshina, ya ɗauki wancan ya yi kuka, gemu ya cika masa fuska. Ke kina yawo a tsakar gida da riga ɗaya, kanki duk ƙwarƙwata, maƙwabta ke ba ki abinci. Na baro ɗakina da sana'ata na zo. Na ƙona su, eh, na ƙona! Washegari ya buɗe shago. In da laifi a nan ku faɗa min!"

Wannan kam Auta ba ta taɓa ji ba. Maganar ta shige ta, don ta tuna rigar, mai ɗigon ja ce, ta kuma tuna hannun da ya zauna ya tsefe mata kai yana faɗa yana hawaye. Tausayin Gwaggo ya kama ta sosai. Amma ba ta matsa daga gaban injin ba.

"Ban ce kin yi laifi ba, Gwaggo. Kin yi mana abin da babu mai yi. Sai dai ni ba makoki nake yi da littattafaina ba, daɗinsu nake ji. Ba ciwo ɗaya ba ne, ki daina ba ni maganin Baba."

"Oho, yau kuma ni za a koya wa magani."

Auta ta juya wurin Baba. Tunda an fasa, gara a fasa duka.

"Saura abu ɗaya. Littafin nan bai cika ba. Ya tsaya a shafi na ɗari biyu da arba'in, a tsakiyar magana, matar ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ninkin ƙarshe babu, shafi goma sha shida. Ba yagewa ya yi ba, babu ko ɓurɓushin takarda a jikin zaren. Tun farko ba a ɗinka shi ba. Shekara uku ina neman wani kwafin, har mai littattafan bakin gada ya gaji da ni. Ina suke, Baba?"

Baba ya waiwaya ƙuryar shago.

"A nan Ummanki take zama," ya nuna inda Auta ke zama kullum, kan ɗan bencin ƙurya. "Bayan azahar, in ta gama aikin gida. Ina ɗinki tana karanta min, don ni karatun labari ba ya min sauri. In an zo wurin daɗi sai ta rufe ta ce sai gobe, in yi ta roƙo tana dariya. Ranar Laraba muka kai inda kika faɗa. Ta ce gobe za mu ji ko an buɗe ƙofar." Ya sunkuyar da kai. "Ranar Alhamis aka kwantar da ita a asibiti."

"Ba ka karanta ba?"

"Da wa?"

Ya sa hannu a wuya ya ciro ɗan makullin da ke rataye a zare, wanda Auta ta ɗauka na akwatin kuɗi ne tun tana yarinya. Ya buɗe durowar ƙasa. Daga can ƙarshe, bayan tsofaffin allurai, ya zaro wata farar leda. A ciki ga ninkin takarda siriri, ya yi ruwan ƙasa don tsufa, ramukan allura na jere a gindinsa babu zare.

Auta ta matso kusa. Shekara uku tana ƙirƙira wa matar nan ƙarshe iri-iri, ashe ƙarshen na nan taku uku daga inda take zama.

"Karanta min za ki yi?" in ji Baba, bai ɗago ba. "Muryarku ɗaya."

Ta miƙa hannu.

Gwaggo ta riga ta. Wuf ta fizge ninkin, kafin su ankara ta zagaya bayan injin ta shimfiɗa shi a ƙarƙashin wuƙa, ta cafki sandar da hannu biyu.

"Yaya!"

"Kada ka matso! Na ga idonka yanzun nan, irin na wancan lokacin ne sak. Ba zan sake tsince ka a ƙasa ba, Bahago, ƙarfina ya ƙare. Yau za a gama da matar nan da ƙofarta, kowa ya huta."

"Gwaggo, ki bari."

"Ke kuma ki zaɓa. Ko ki kwashe sauran tarkacen nan da hannunki ki kai bola ki rantse kin daina, in bar masa takardunsa ya mayar durowa ya kulle. Ko in sauke."

Don ta nuna ba wasa take ba, ta jawo sandar ƙasa. Gwaggo ba ta taɓa aiki da injin nan ba ko sau ɗaya. Ba ta san halinsa ba.

Auta ta ga sandar ta gota rabi. Ta ga kafaɗun Gwaggo sun amsa nauyin da ba su zata ba.

Rantsuwar ƙarya ba wuya gare ta ba, kalma uku ce. Amma in ta rantse, ninkin nan zai koma durowa ya ƙara wasu shekara goma sha ukun, ita kuma ta koma ɓoye abin da take so kamar kayan sata. Ta gaji da bangon aro.

Ta taka ta isa gaban injin, ta shimfiɗa tafin hannunta na dama a kan takardun Umma, daidai ƙarƙashin wuƙar.

"Ba zan daina ba, Gwaggo. Sauke."

"Cire hannunki, 'yar banza! Cire!"

"Sai kin ce na karanta masa."

Baba ya miƙe tsaye, kujerar ta kife a bayansa. Teburin ɗinki na tsakaninsa da su, ƙusar kuma na cikin aljihunsa.

"Yaya, don girman Allah kada ki ja. Kuma kada ki saki."

Gwaggo ta kalli sandar, ta kalli hannun yarinyar da ta raina, gwiwar hannunta ta fara karkarwa.

"Bahago," ta ce, "tana fin ƙarfina."